Ma'anar "sikel" da 'yan manhaja ke yawan faɗa

Ranar Asabar da daddare ina zaune a teburin mai shayin layinmu a Agege da ke Legas, waya a kunne, muna ta gardama da wani abokin aikina, har na ce masa "wannan abin da ka rubuta wallahi ba zai yi sikel ba." Ina ajiye wayar sai Kawu ya juyo, ashe tun ɗazu yana saurare, ya ce "kai ɗan nan, wai wane sikeli ne kuke ta magana a kai kullum, ko awon nama kuka koma a ofishin naku?" Aka kwashe da dariya. Kuma fa da gaskiyarsa, mutumin da ya yi shekara da shekaru a abbatuwar Oko-Oba, sikeli a wurinsa ai abin ɗora kilo ne.

To a Turanci rubutun kalmomin iri ɗaya ne amma asalinsu daban. Tamu daga Latin ta fito, daga kalmar da ke nufin tsani. In ka ji injiniya ya ce manhaja tana sikel, ko ya ce sikelabul ce, abin da yake nufi shi ne in jama'a suka ninka, daga ɗari zuwa dubu goma zuwa miliyan, za a iya ƙara mata ƙarfi ta ci gaba da aiki ba sai an rushe an koma tushe ba, kuma kuɗin da za a kashe ba zai haukace ba. Wannan maganar kuɗin ita aka fi mantawa. In kwastomominka sun ninka sau biyu amma bil ɗinka ya ninka sau goma ba sikel ka yi ba, ɓaraka kawai kake toshewa da kuɗi.

Kuma sikel daban sauri daban. Gadar Third Mainland ranar Lahadi da asuba kafin ka gama gaisawa da direba kun haye, amma je ka ranar Litinin lokacin tashi daga aiki ka gani, gadar nan dai ita ce, kilomita kusan 12 ɗin nan ba a ƙara ko taku ɗaya ba, motoci ne suka yi yawa. Haka manhaja take, wadda ke buɗewa kamar walƙiya a laftof ɗin wanda ya rubuta ta, ita ce za ta suma ranar da mutum dubu hamsin suka danno lokaci guda.

Duk wanda ke Najeriya a farkon 2023 ya ɗanɗana wannan ko bai san sunansa ba. Lokacin canjin kuɗi, da aka sauya takardun 200 da 500 da 1000 tsabar kuɗi suka ɓace, kowa ya koma taransifa, mai nama, mai kayan miya, kwandastan danfo, har mai ruwa. Sai ka ga mutum tsaye da leda a hannu yana nuna waya, an cire masa kuɗi amma alat bai shigo wa mai kaya ba, shi mai kayan kuma ya ce ba inda za ka sai ya gani da idonsa. Injinan bankunan an gina su ne da lissafin wani adadi na ciniki, kwatsam aka ɗora musu ƙasa guda.

Da zan yi wa Kawu bayani sai na nuna masa teburin da muke zaune. Na ce Kawu ka ɗauka gobe an buɗe tashar mota a bakin layin nan, masu shan shayi suka tashi daga talatin suka koma ɗari uku, me Malam mai shayi zai yi? Ya ce ya sayi babbar tukunya mana. Na ce to wannan shi muke kira sikel a tsaye, a sayi kwamfuta mai ƙarfi fiye da ta da, a ƙara mata ƙwaƙwalwa. Yana da sauƙi kuma yana aiki sosai, kar wani ya raina shi, matsalarsa kawai akwai ranar da za ka je kasuwa ka tarar babu tukunyar da ta fi taka girma, sannan in gas ya ƙare a wannan murhu ɗayan kowa ya kwana da yunwa.

Ɗaya hanyar ita ce ya kafa tebur na biyu da na uku ya ɗauki yara, wannan shi ne sikel a kwance, sabobi, wato kwamfutocin da manhaja ke gudana a kansu, da yawa maimakon ƙatuwa guda. Sai ya sa yaro ɗaya a bakin hanya yana cewa kai je can, kai zo nan, duk teburin da ya ga babu cunkoso, wannan yaron a wurinmu shi ne lod balansa, kuma irin su manhajar Nginx da wani ɗan Rasha Igor Sysoev ya fitar a 2004 har yau suna wannan aikin.

Har nan duk wasa ne. Inda gizo ke saƙar shi ne littafin bashi.

Malam yana da littafi ɗaya, duk wanda ya ci indomi da ƙwai ya ce sai ƙarshen wata sunansa na ciki. To tebur ya zama uku, ya za a yi da littafin? In kowane tebur ya riƙe nasa, mutumin da ake bin sa dubu huɗu a teburin farko sai ya sulale na uku ya buɗe sabon shafi, ba wanda ya sani. In kuma aka ce littafi ɗaya ne a hannun Malam, to duk yaron da zai rubuta ko zai duba sai ya zo ya tsaya, ka ga layin da ka kora daga bakin tukunya ya dawo bakin littafi, ka ƙara tebur goma ma a banza. Wannan littafin shi ne databes, rumbun da ake ajiye wane ne wane da nawa ne a asusunsa, kuma a 'yan shekarun da na yi a wannan aiki kusan duk daren da aka tashe ni daga barci, in aka bi diddigi can ake ƙarewa. Dabarun da ake yi duk na littafin ne. Ana yin kwafinsa a raba wa yara don dubawa kawai, rubutu kuma sai a uwar littafi, amma sai ka yarda kwafin zai iya yin 'yan daƙiƙoƙi a baya. Ko a raba littafin, masu suna daga A zuwa H wannan, sauran wancan, yana aiki har ranar da wani na littafin farko ya ce a cire daga nasa a biya wa abokinsa da ke littafi na biyu. Yanzu ka mayar da shayin ya zama kuɗi, mutum yana da dubu biyar a asusu ya danna tura sau biyu saboda netwok ya tsaya, saba biyu daban-daban suka karɓa a daƙiƙa ɗaya kowacce ta duba ta ga akwai dubu biyar. Wanda ya iya hana dubu biyar ɗin nan fita sau biyu ba tare da ya tsayar da kowa a layi ba, shi ne ake biya albashi mai kauri.

Akwai kuma abin da muke cewa kash, ba kash na takaici ba duk da yana jawo shi. Yaro ya haddace farashin biredi da ƙwai ba sai ya tambayi Malam kowane lokaci ba, sauƙi ya samu, sai ranar da kiret ɗin ƙwai ya tashi Malam ya ƙara kuɗi yaro bai ji ba yana ta sayarwa a tsohon farashi. Manhajar Memcached da Brad Fitzpatrick ya rubuta a 2003 wannan haddar ce aikinta. Sai kuma layin jira, a karɓi odarka a ce zauna za a kawo, shi ya sa wani lokaci kuɗi ke shiga tun ɗazu amma saƙon tes sai bayan minti biyar.

Ni kaina na sha kunya a kan wannan. Farkon fara aikina na gina wa wata makaranta shafin rijista, na gwada da ɗalibai goma na ƙarya komai lafiya lau har ina hura hanci. Ashe yadda na rubuta shi, in za a nuna jerin ɗalibai 200 sai ya je databes sau ɗaya ya ɗauko sunaye, sannan ya koma sau 200 yana tambayar ajin kowa ɗaya bayan ɗaya, kamar a aiki yaro kasuwa ya dinga sayo albasa ƙwaya ɗaya yana dawowa gida. Ranar ƙarshe ta rijista, kun san halinmu sai ranar ƙarshe, shafi ya daskare, iyaye na kira, ni ina cikin gosulo a Ikorodu Road da laftof a cinya cajin saura kaɗan. Da na isa ogana ya duba bai yi minti ashirin ba ya haɗe tambayoyin suka zama guda biyu, ko saba ɗaya ba a ƙara ba. Ni kuwa a hanya har na gama shirya ƙaryata cewa laifin firemwok ne.

Firemwok, ga wanda bai sani ba, kamar ginin da aka riga aka zuba masa ginshiƙai ne aka ja waya da famfo, kai naka ka yanka ɗakuna. Shigar da mutum da kalmar sirri, magana da databes, kariya daga ɓarayin intanet, duk an yi maka. Kuma manyansu ba a zaune aka ƙirƙiro su don burgewa ba, daga cikin aiki aka ciro su. Ruby on Rails, David Heinemeier Hansson ya cire shi ne daga manhajar Basecamp a 2004. Django a ofishin wata jarida a garin Lawrence na jihar Kansas aka haife shi, aka sake shi ga jama'a a 2005. React daga cikin Facebook ya fito a 2013. Mutum ya gaji da maimaita abu ɗaya ne sai ya tattara shi wuri guda, shi ya sa in yaro ya ce min burinsa ya ƙirƙiro firemwok nakan ce ya fara gina abu biyar tukuna ya ga me yake maimaitawa.

Gardamar wane firemwok ne ke sikel kuwa ba ta ƙarewa a Yaba, matattarar 'yan manhaja a Legas. Wani zai kawo maka Twitter, da aka fara da Rails, yana ta faɗuwa ana nuna wa mutane hoton wani ƙaton kifi a madadin shafin, musamman lokacin gasar cin kofin duniya ta 2010, daga baya suka kwashe manyan sassa zuwa yarukan kwamfuta na Scala da Java. Gaskiya ne. Amma manyan kamfanoni irin Shopify da GitHub a kan Rails ɗin suka girma, Instagram kuma a kan Django yake lokacin da Facebook ya saye shi dala biliyan 1 a 2012, ma'aikata 13 kacal da masu amfani wajen miliyan 30. WhatsApp da aka saya dala biliyan 19 a 2014 yana da mutum kusan miliyan 450, injiniyoyinsa ba su kai hamsin ba, da Erlang suka yi shi, yaren kwamfutar da kamfanin Ericsson ya ƙirƙiro tun shekarun 1980 don injinan tarho. Ni dai a ganina da wuya firemwok ya zama mai laifin farko, yawanci mu ne.

Mu a Legas kuma sikel ɗinmu yana da ƙarin wulaƙanci. Sabobin da ake haya wurin Amazon ko Google da dala ake biya, kwastoma kuma naira yake ba ka, to daga tsakiyar 2023 da dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, kamfanin da bai ƙara ko mutum ɗaya ba bil ɗinsa ya ninka sau uku. A lokacin ne wasu ogogi suka fara gane darajar injiniyan da ya iya rage saba. Sannan yawancin sabobin nan suna Turai ne ko Cape Town, duk dannawar da ka yi sai ta bi wayar ƙarƙashin teku ta dawo, kuma mun ga abin da ya faru a watan Maris na 2024 da wayoyin suka lalace ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta rikice a ƙasashen yammacin Afirka da dama.

A harkar aiki kalmar ta zama tsanin albashi ita ma. Ƙaramin injiniya ana tambayarsa ne ko abin yana aiki, babba kuma ana tambayarsa yaushe zai daina aiki kuma ina ne zai fara tsagewa, shi ya sa a intabiyun manyan kamfanoni za a ba ka allo a ce zana mana yadda za ka gina irin WhatsApp. Masu kafa kamfani su ma sun ara, in sun ce za mu yi sikel suna nufin za su shiga Ghana da Kenya, kowa na hangen Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet na Najeriya, wanda kamfanin Stripe na Amurka ya saya sama da dala miliyan 200 a 2020. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda kowace takardar neman aiki yanzu sai ka ga an rubuta "na gina manhajoji sikelabul", ka tambayi mutum nawa ne suka taɓa hawa lokaci guda sai a fara sosa ƙeya. Abokin nan nawa da muke gardama ma, daga baya na gane ni ne na zaƙe, abin nasa mutum arba'in ne za su yi amfani da shi a ofis ɗaya, ina ruwansa da miliyan.

Kawu dai ya gama ji ya ce to ashe ku ma masu rubuta bashi ne, sai dai ku a ɗaki mai sanyi. Malam mai shayi da ban zaci yana bin zancen ba ya jawo littafin daga ƙarƙashin gwangwanayen madara, ya lashi yatsa ya buɗe, ya ce "injiniya, tunda an zo maganar, akwai ƙwai biyu da rabin biredi tun ran Talata."