Keken Lema: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Son Farawa da Kayan Hannu

Matasa da dama a ƙauyukan Kano da Jigawa sun ga bidiyon wani ƙaramin keke mai ƙafa uku yana sheƙa gudu a kan rairayi ba tare da inji ba, wata babbar lema ta yadi mai dogayen igiyoyi, wadda ake kira kite da Turanci, tana sama tana jan sa. Sabon kayan wannan wasa yana da tsada ƙwarai, kuma ba a kasuwanninmu ake sayar da shi ba, don haka duk wanda ya sa kansa zai fara ne da na hannu. Ga tambayoyin da ya kamata ya samu amsarsu kafin ya fitar da ko sisi.

Mene ne keken lema, kuma daga ina ya samo asali?

Keke ne mai tayoyi uku, biyu a baya ɗaya a gaba, wanda mutum yake zama a cikinsa dab da ƙasa, ya ɗora ƙafafunsa a kan wasu 'yan sanduna biyu da ke jikin tayar gaba, da su yake karkata shi dama ko hagu. Hannayensa kuwa suna riƙe da igiyoyin lema, wadda iska take cikawa ta ja shi. Tunanin ya daɗe, domin wani malamin makaranta Bature mai suna George Pocock, mutumin Biristol ta Ingila, ya yi rajistar keken da lema take ja tun a 1826. Amma siffar da ake amfani da ita yanzu, Peter Lynn na ƙasar Niyu Zilan ne ya fito da ita wajen 1990, kuma har yau akwai kayan wasan da suke ɗauke da sunansa. An fi yin wasan a bakin teku inda rairayi yake da tauri da faɗi, kamar tsibirin Rømø na Denmak da Sankt Peter-Ording na Jamus, da kuma busassun tafkuna irin Ivanpah na Kalifoniya, inda gwanaye suka haura kilomita 130 a awa.

Yaya abin da iska take ja zai iya komawa inda ya fito?

Mai keken lema ba bayan iska yake bi ba, gicciye da ita yake tafiya. Idan iskar hunturu tana tasowa daga arewa maso gabas, shi zai nufi kudu maso gabas, ya juyo ya nufi arewa maso yamma, lemar tana gefensa, tayoyin suna hana keken zamewa zuwa inda iskar ta dosa. Da zarar keken ya fara gudu, iskar da lemar take ji sai ta ƙaru, domin gudun kansa yana haifar da wata iskar, shi ya sa keken yake iya wuce saurin iskar da take kaɗawa. Keken ba shi da birki. Ana tsayar da shi ne ta hanyar karkata kansa zuwa inda iska take fitowa, tare da ɗaga lemar sama sannu a hankali.

Me ya kamata in fara saya, keken ko lemar?

Lemar, kuma ƙarama. A ganina wannan ita ce amsar da ta fi kowace muhimmanci a nan, domin keken ƙarfe ne da tayoyi, abin da mai walda da mai faci na garinku za su iya dubawa su gyara, ita kuwa lema babu mai ɗinka irinta a kusa da mu, kuma ita ce take iya ji wa mutum ciwo. Mai farawa ya nemi lema mai igiya huɗu da mariƙa biyu, wadda faɗinta yake tsakanin murabba'in mita 2 zuwa 3. Igiyoyi biyu na sama su ne na ja, biyu na ƙasa kuma su ne suke naɗe bayan lemar su kashe mata ƙarfi ta sauko. Tsawonsu yakan kai mita 20 zuwa 25.

Mutum yakan ga lema mai murabba'in mita 6 ko 7 da araha, ransa ya biya, ya ce ai gara ya sayi babba sau ɗaya ya huta. Wannan lissafi ba daidai ba ne. Ƙarfin ja ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da saurin iska: idan saurin iska ya ninka biyu, jan lemar yana ninkawa huɗu. Lemar da take wasa a hannunka da hantsi tana iya ɗaga ka sama idan iska ta bugo farat ɗaya, kuma iskar cikin ƙasa irin tamu ta fi ta bakin teku yawan irin wannan bugu. Ƙaramar lema ba asara ba ce ko bayan ka gwanance, domin ita za ka koma wa a ranakun da iska ta yi ƙarfi.

Akwai iri uku da zan hana mai farawa saya komai arhar su. Na farko, lemar tsere, wadda ake gane ta da tsawo da sirantaka, tana da sauri amma tana ruftawa ta sake buɗewa da fizga. Na biyu, lemar masu wasa a kan ruwa wadda ake hura wa iska da famfo, domin ƙaya ɗaya ta isa ta huda ta, zafin ranarmu kuma yana saɓule gam ɗin bakin hura iskar. Na uku, tsohuwar lemar da ake shawagi da ita daga kan duwatsu, wadda wani zai ce ai duk lema ce. An yi ta ne don ta ɗaga mutum, kuma ɗagawar za ta yi.

Ta yaya zan gane lemar hannu mai kyau?

A fara da yadin. Ana yin lemar da wani siririn yadin nailan mai zanen murabba'i, an shafe shi da wani sinadari da yake hana iska ratsawa. Mai sauran rai idan ka murza shi za ka ji yana da ƙarfi yana ƙara, wanda rana ta cinye kuwa yakan yi laushi, launinsa ya koɗe. Ka manna bakinka a jikin yadin ka hura: idan numfashinka ya ratsa cikin sauƙi, lemar ta gaji, za ta yi nauyin tashi, kuma babu gyaran da zai dawo da ita. Ƙaramar yagewa ba abin damuwa ba ce, ana liƙe ta da tef na irin yadin ciki da waje.

Sai ka leƙa ciki. Lemar ninki biyu ce, sama da ƙasa, an raba tsakaninsu zuwa ɗakuna da wasu ƙyallaye a tsaye, bakin gaba a buɗe don iska ta shiga ta kumbura ta. Idan lemar ta taɓa faɗowa da ka da ƙarfi, iskar da take ciki takan fasa waɗannan ƙyallaye, kuma daga waje ba za a gani ba sai an ɗaga ta a haske an duba ɗaki bayan ɗaki. Wannan shi ne aibin da masu sayarwa suka fi yin shiru a kansa, wani lokaci ma su kansu ba su sani ba.

Bayan haka akwai siraran zaruruwan da suke haɗa jikin lemar da manyan igiyoyi. Kowane zare yana da tsawonsa da aka auna, kuma idan wani ya tsinke aka ƙulla shi da ka, lemar za ta riƙa karkata gefe ɗaya. Ka kwatanta na dama da na hagu, dole su zo daidai. Manyan igiyoyin kuma ka miƙe su a ƙasa ka ɗaure bakinsu a turke ɗaya ka ja, ka ga ko na sama biyu tsawonsu ɗaya, na ƙasa ma haka. An yi su da zaren Dyneema, mai ƙarfi sosai amma maras jure zafin gogayya, don haka duk inda ka ga ya yi gashi-gashi, nan zai tsinke. Kada a musanya su da igiyar shanya ko ta buhu. A ƙarshe ka tambayi madaurin hannu guda biyu da suke haɗe da igiyoyin ƙasa, waɗanda idan ka saki mariƙan suke sa lemar ta mutu ta faɗo maimakon ta tafi da igiyoyinta kan mutane. Idan babu su, ka saye su daban kafin ka fita fili.

Idan daga waje za a aiko mini, ta yaya zan duba abin da ban taɓa ba?

Galibi a shafin cinikin intanet na eBay da zaurukan Facebook na masu wasan a Ingila da Jamus da Holan ake samun kayan. Sunayen kamfanonin ƙera kayan da aka sani sun haɗa da Peter Lynn da Flexifoil da Ozone da HQ. Ka nemi bidiyon lemar tana sama, da hotunan cikinta a haske, da hoton tambarin da yake nuna girmanta. Abin da ya fi shi ne a samu ɗan'uwa ko amini da yake can ya karɓa ya duba kafin a biya, ya taho da ita a jakarsa idan zai zo gida, tunda ƙaramar lema da igiyoyinta ba su wuce jakar goyo ba.

Keken fa? Zan iya sa mai walda ya ƙera mini?

Za ka iya, kuma sau da yawa hakan ya fi biyan kuɗin dakon ƙarfe daga Turai da na kwastan. Kekunan masu koyo da tayar baro suke amfani, irin wadda ake samu a kowace babbar kasuwa, bututun ƙarfe kuma yana nan a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Sharaɗin shi ne a samu ma'aunin keke na gaske a bi shi, kada a ƙera da ido. Mazaunin ya yi ƙasa sosai, sandar da take riƙe tayoyin baya ta haura mita ɗaya a faɗi don kada keken ya kife, kuma kada a bar wani tsini ko kaifi a inda jiki zai iya bugawa.

Idan kuwa na hannu aka samu, a duba wuraren walda ko akwai tsaga, musamman wuyan da ya haɗa tayar gaba da jikin keken. A ɗaga kowace taya a juya ta, a girgiza ta gefe da gefe, idan tana ƙara ko tana lilo to boris ya ci, kuma canza shi ba wuya. Notin da suke riƙe tayoyin baya su ne suka fi lanƙwashewa. Keken da ya yi zama a bakin teku gishiri yakan cinye masa noti ko da jikinsa na ƙarfen da ba ya tsatsa ne.

A ina za a yi wasan a ƙasarmu, kuma a wane lokaci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya. Lokacin dai shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da aka kawar da amfanin gona kuma iska take kaɗawa daga gefe ɗaya, galibi ta fi ƙarfi da hantsi. Mai koyo ya nemi iska ta kilomita 12 zuwa 20 a awa, wadda take motsa ganye da ƙananan rassa ba tare da ta tayar da ƙura sosai ba. Iskar da take gaban hadari a farkon damina haramun ce ga mai lema, saboda fizgarta da kuma tsawa. Haka ma idan aka hango guguwa tana tafe a tsakar rana, a sauke lemar nan take.

Fili kuwa, faɗin ƙasar da ido yake gani a wajen Gumel ko Maigatari ko Ɓaɓura ba duka ne yake karɓar keke ba. Gona tana da kunya da tushiyar kara, kuma tushiyar dawa da aka sare a karkace tana huda taya, tana huda mutum. Rairayi mai laushi yana riƙe tayar baro, sai dai a samu faffaɗar taya. Wurin da ya fi dacewa shi ne fako mai tauri ko busasshiyar fadama mai shimfiɗe, bayan an zagaya ta da ƙafa an tabbatar babu rami ko rijiyar noman rani ko kututture. Ƙarangiya da tsidau da ƙayar aduwa za su sa ka saba da mai faci, don haka famfo da kayan faci su kasance tare da kai. Bishiyoyi da gidaje da suke ta inda iska take fitowa suna hargitsa ta, a nisance su. Wayar lantarki da titin mota kuwa, kada su kasance a gabanka ko kaɗan.

Fili yana da masu shi. A je wa mai unguwa ko dagaci a yi masa bayani, a nemi izinin mai gona, a kuma kauce wa burtali da mashaya, domin lemar da take shawagi tana firgita shanu da dawakai da raƙuma, kuma garken da ya watse cikin gonar wani rigima ce da ba a san inda za ta tsaya ba. Yara za su taru, wannan babu makawa. Sai an samu babba ɗaya da zai tsayar da su a bayan mai lemar, domin igiyar da take a miƙe tana yanka kamar reza.

Yaushe zan hau keken?

Sai ka iya tayar da lemar, ka kai ta gefen dama da na hagu, ka tsayar da ita saman kanka, ka sauke ta inda kake so, duk ba tare da kana kallon hannunka ba. Filin ƙwallon makaranta ya isa wannan koyo idan babu waya a kusa. Za ka lura cewa lemar ta fi ja idan tana ƙasa-ƙasa a gabanka kai tsaye, jan kuma yana raguwa a gefe da can sama. Mai keke yana aiki ne da gefen.

Ranar hawa, ka sa hular kwano, da takalmi rufaffe, da safar hannu, da wando mai kauri. Doguwar riga ko rawani mai jela na iya naɗewa a taya, a ajiye su a gida. Kada ka ɗaure jikinka da keken, kada kuma ka rataya lemar a ƙugunka tun yanzu, domin mai koyo yana bukatar ya iya sakin komai a cikin ƙiftawar ido. Kada ka taɓa sauke ƙafa ƙasa don tsayar da keke yana gudu, sandar baya za ta hau kanta ta karya ta. Kuma kada ka cilla lemar sama ko bayanka da sauri alhali kana gudu, domin ta haka ne take zare mutum daga mazauni.

Yaya zan adana kayan su daɗe?

Rana ce babbar mai cin yadin lema, saboda haka idan an sauke ta a naɗe ta, kada a bar ta a shimfiɗe ana hira. A karkaɗe rairayin da ya shiga ɗakunanta, a cire ƙarangiyar da ta maƙale da hannu a hankali, a naɗe ta a bushe. Ba a wanke ta da omo, ruwa zalla ya isa. A rataye jakar nesa da kwanon rufi saboda zafi, nesa kuma da buhunan hatsi saboda ɓera. Ƙurar hunturu tana shiga boris ta haɗu da maiko ta cinye shi, don haka a riƙa kwance tayoyin ana gogewa, kuma kafin kowace fita a bi noti ɗaya bayan ɗaya da sifana.