Ƙaramin Janareta: Iyakar Ƙarfinsa da Ƙa'idojin Amfani da Shi

Ƙaramin janareta inji ne da ake iya ɗauka ko turawa daga wuri zuwa wuri, wanda ke ƙona fetur, dizal ko gas domin samar da wutar lantarki. Injin yana juya wani maganaɗisu a tsakiyar naɗaɗɗun wayoyin tagulla, daga wannan juyi wuta ke fitowa, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Yawancin ƙananan janaretoci suna juyawa sau 3,000 a minti ɗaya a ƙasashen da ke amfani da wuta mai has 50 (has shi ne adadin kai-komon wuta a daƙiƙa ɗaya), ko sau 3,600 inda ake amfani da has 60. Idan gudun ya ragu, ingancin wutar ma raguwa yake yi.

Ana auna ƙarfin janareta da wat, wanda a sauƙaƙe shi ne yawan bolt (ƙarfin turin wuta) a ninka da yawan amfiya (yawan wutar da ke gudana). Kowane janareta yana da lamba biyu: ƙarfin da zai iya riƙewa na tsawon sa'o'i, da ƙarfin ƙololuwa wanda yake jurewa na 'yan daƙiƙu kawai. Sau da yawa lambar da aka rubuta da manyan haruffa a jikin inji ita ce ta ƙololuwa, ta ainihi kuwa sai an duba ƙaramin allon bayani ko littafin kamfani. Akwai kuma bambanci tsakanin kVA, wani ma'auni da ake rubutawa a jikin inji, da kilowat, wato wat 1,000: a injin da 0.8 na kVA ɗinsa ne ke zama ainihin ƙarfin aiki, kVA 5 na nufin kilowat 4 ne. Masu gyara kan ba da shawarar kada lodi ya wuce kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfin riƙewa.

Inda lissafi ke kuɓuce wa mutane shi ne kayan da ke da mota, wato injin lantarki mai juyawa, a ciki, kamar firiji, injin jan ruwa da na'urar sanyaya ɗaki. Irin waɗannan suna jan ninki biyu zuwa uku na wutarsu, wani lokaci fiye, a daidai lokacin tashi. A ɗauki janareta mai ƙarfin ƙololuwa na wat 2,500 da aka jona wa firiji mai wat 200, fitilu goma masu wat 10, talabijin mai wat 100 da fanka uku masu wat 70. Jimla wat 610 ke nan, inji na tafiya sumul. Sai a kunna injin jan ruwa mai wat 750, wanda tashinsa kan kai wat 2,250. Nan take lodi ya haura 2,800: sautin inji ya yi nauyi, fitilu su dushe, makunnin kariya ya katse wuta. Idan babu makunnin, ko an ɗaure shi, wayoyin ciki ne za su yi zafi har su ƙone. Shi ya sa ake tayar da janareta babu lodi, a bar shi ya daidaita, a fara kunna abu mafi cin wuta, sauran su biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Wajen kashewa kuma a sauke lodi tukuna.

Lodi ya fi ɓata inji da kaya, hayaƙi kuwa rai yake ɗauka, kuma shi ne haɗarin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Tana maƙale wa jini fiye da iskar oksijin sau ɗari biyu da wani abu, ta hana jiki samun abin da yake rayuwa da shi. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta ce a ajiye janareta a waje, aƙalla ƙafa 20, kimanin mita 6, daga ƙofa da taga. Buɗe taga ba ya sa ɗaki, gareji ko ƙarƙashin bene su zama wurin ajiye shi. Tsoron ɓarawo ke sa wasu shigar da shi ciki da dare. Sarƙa da kwaɗo ko kejin ƙarfe mai shan iska sun isa maganin wannan. Wanda ya shaƙi hayaƙin a fitar da shi sarari, a garzaya da shi asibiti.

Jona janareta kai tsaye a soket ɗin bango yana mayar da wuta kan layin kamfani, taransifoma ta ninka ta, ta iya kashe ma'aikacin da ke gyara a kan turke. Dole a sa makunnin sauya layi, kuma ƙwararren mai aikin wuta ne zai haɗa shi.

Ba a zuba mai inji na aiki ko yana da zafi, sai an kashe shi ya huce. Ba a taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu, ba a barin ruwan sama ya dake shi. Siririyar waya ba ta ɗaukar babban lodi, zafi take yi ta narke. A duba baƙin mai kafin kowane tayarwa, a canja shi bayan adadin sa'o'in da kamfani ya ƙayyade.