Labarin gicciye da Yahudawa: amsoshi ga malaman makarantar Lahadi

Duk shekara in Ista ta matso, tambayoyin nan ne dai. Ga amsa, 'yan'uwana malamai, a daina tare ni a ƙofar coci.

Wa ya gicciye Yesu?

Romawa. Gicciye hukuncinsu ne, gwamna Bilatus ya yanke, sojojinsa suka aiwatar.

Ba Yahudawa ne suka miƙa shi ba?

Kayafa babban firist ne da wasu manyan Haikali. Maryamu fa? Bitrus fa? Matan da suka bi shi suna kuka a Luka 23:27? Duk Yahudawa ne, har shi Yesu.

Yara za su yi wasan kwaikwayo. A bar su su yi ihun "A gicciye shi"? Matiyu 27:25 kuma fa, inda taro ya ɗauki alhakin jininsa har kan 'ya'yansa?

Nan kam sai a hankali. Ba na cewa a ɓoye aya, yaro zai gan ta wata rana ya ce an rufe shi. Amma ya danganta da shekaru. 'Yan ƙasa da goma, ni dai zan tsallake ayar, ihun ma ya ishe su. Manya kuwa a karanta tare da Ezekiyel 18:20, ɗa ba ya ɗaukar laifin uba, da Luka 23:34, inda Yesu ya roƙa musu gafara. A nuna musu taron farfajiya guda ne, ba al'umma ba.

Ku kuma duba kaya. In kun sa wa almajirai fararen riguna, masu ihu kuwa baƙin tsumma da gemun gawayi, kuna kiran su kaɗai "Yahudawa", kun gama koyarwa tun ba a buɗe baki ba. Wasu na sa dukan ikilisiya ta yi ihun. Ina ganin ya fi, ko da yake wani dattijo zai ƙi. Ku shawarci fasto tukuna.

Wannan ba sabuwar koyarwa ba ce?

Kwantar da hankalinka. Bulus ya ce Allah bai ƙi jama'arsa ba, Romawa 11:1. Cocin Katolika ma a 1965, cikin wata sanarwarta mai suna Nostra Aetate, ta ce ba za a ɗora laifin kan dukan Yahudawan zamanin ba, balle na yau.

Ba Bayahude ko ɗaya a garinmu, mene ne na damuwa?

Haba malam! A Turai an sha far wa Yahudawa a makon Ista saboda irin wannan wa'azi. Yaron da ya saba ɗora laifin mutum kan ƙabilarsa duka, maƙwabcinsa zai fara yi wa. Ba a gaya wa mutumin Jos ko Kaduna wannan.

A ba yara bulalar gaske a wasan?

A'a. Igiyar tsumma.