Dokar hana leda a Kenya: abin da ta hana da abin da ta bari

Duk wanda ya taɓa tsayawa gefen mahauci yana gyaran kayan ciki ya san abin da ake cirowa daga tumbin akuya ko saniyar da ta yi kiwo a juji: curin baƙar leda, ta murɗe kamar igiya, ta toshe ciki har dabba ta rame tana ci ba ta ƙiba. Mahautan Nairobi ma sun daɗe suna ganin haka. Ga kuma kwatoci da ke toshewa da damina, ruwa ya kwanta, sauro ya samu gida. Waɗannan na cikin dalilan da suka sa Kenya ta kafa dokar da ake lissafawa cikin mafi tsanani a duniya kan leda.

A farkon shekarar 2017 ministar muhalli ta lokacin, Judi Wakhungu, ta fitar da sanarwa a jaridar gwamnati, bisa ƙarfin babbar dokar muhalli ta ƙasar ta 1999. Aka ba jama'a wata shida su shirya, doka ta fara aiki ranar 28 ga Agusta, 2017. Abu uku ta haramta: ƙera ledar zuba kaya, shigo da ita daga waje, da amfani da ita, a kanti ne ko a gida. Wanda aka kama zai iya biyan tarar shilin miliyan 2 zuwa miliyan 4, ko ɗaurin shekara 1 zuwa 4, ko a haɗa masa duka biyun. Hukumar kula da muhalli, NEMA, ita ke da alhakin zartarwa.

Wannan ba shi ne karon farko ba. An gwada a 2007, an sake a 2011, duk abin ya shiririce. Yunƙurin baya ya fi karkata kan kaurin leda: a hana siririya, a bar mai kauri. To wane ɗan sanda ne zai bi kasuwa yana auna kaurin leda? A nan, a ganina, hikimar dokar 2017 take. Ta daina ja-in-ja kan kauri, ta kama abin tun daga masana'anta da bakin iyaka. Masu masana'antu sun garzaya kotu suna cewa dubban mutane za su rasa aiki, kotu ta ƙi dakatar da dokar.

Amma kada a ɗauka an hana roba gaba ɗaya. Ledar da masana'anta ke naɗe kaya da ita tun daga inda aka sarrafa shi, kamar ta burodi ko gishiri, an bar ta bisa izinin NEMA. Robobin lemo da na ruwa ma dokar ba ta taɓa su ba. Sai a watan Yunin 2020 aka hana shiga gandun namun daji, dazuzzuka da bakin teku da robar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ya maye gurbin ledar. Kasuwa ta cika da wata jaka mai kama da yadi, alhali ita ma roba ce. 'Yan kasuwa suka riƙa sirantar da ita don ta yi arha, har ta koma ana amfani da ita sau ɗaya a jefar. A 2019 NEMA ta yunƙura ta hana ta, magana ta sake komawa kotu. Sannan ga fasa-ƙwauri ta kan iyakar Uganda. Mai sayar da tumatir da ke ɓoye leda a ƙarƙashin tire ba mugunta ce ta sa shi ba; mai saye ya zo hannu rabbana, kuma jakar da doka ta yarda da ita ta fi ribar cinikin tsada. Abin da ke damuna ke nan: ƙaramin ɗan kasuwa ya fi sauƙin kamawa fiye da mai shigo da kayan.

Don toshe giɓin da dokar leda ta bari aka kafa dokar sarrafa shara ta 2022, wadda ta ɗora wa kamfani alhakin kayansa har bayan an gama amfani da su. Wato in ka sayar da lemo a roba, da kuɗinka za a tattara robar a sake sarrafa ta, kuma dole gidaje su riƙa ware shara kashi-kashi.

Jamhuriyar Nijar ma tana da dokar hana ƙera da shigo da siririyar leda tun 2014, Jihar Legas kuma ta hana farar robar zuba abinci a Janairun 2024. Wanda ya zaga kasuwar Maraɗi ko Damagaram zai ga har yau ana ƙulla wa mutane ƙosai da mai a leda, ga ta nan maƙale a kan ƙayoyin bayan gari.