Ungozomanci da kula da mai jego a karkarar jahar Tawa

Ungozomanci sana'a ce ta mata masu kula da mai haihuwa da jaririnta, tun daga ranar da ta sauka har zuwa suna, wani lokaci har arba'in. A jahar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wadda ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum sama da miliyan 3 da dubu 300, akasarinsu mazauna karkara, aikin yana hannun mata iri uku: ungozomar gargajiya da ta gaji sana'ar, da wadda hukuma ta ba ɗan horo ake ce mata matron, da kuma sajfam mai takardar makarantar lafiya. Wannan maƙala ta fi karkata ga ƙauyukan Hausawan Adar da yankunan Madawa, Buza da Birnin Ƙonni. Makiyayan Azawak, Abzinawa da Fulani da Larabawa, suna da nasu al'adun daban.

Aikin ungozoma a gargajiyance

A al'adar da aka gada, ungozoma ba ita ke karɓar haihuwa ba. Mace kan yi naƙuda ita kaɗai a ɗaki, ko da wata dattijuwar gida kusa, ta haihu a durƙushe, kuma ana yaba wa wadda ba a ji muryarta ba. Kunya ke hana ta faɗa da wuri, musamman idan haihuwar fari ce. Sai jariri ya faɗo sannan a aika yaro ya kira ungozoma. Idan an kira ta kafin haka, to naƙuda ta yi tsawo ko mabiya ta ƙi fita.

Da isowarta takan jira mabiya ta faɗo, ta yanke cibi da ɓawon kara mai kaifi ko aska, a baya-bayan nan kuma da reza. Ita ke wanke mabiya ta binne ta a bayan ɗaki, ta share jinin, ta yi wa jariri wankan farko da ruwan ɗumi da sabulun salo. Kwanakin da ke biye tana zuwa safe da maraice: ta ɗora tsingaro a wuta, ta dafa shi da tafin hannu ta dinga danna cibin a hankali har ranar da zai faɗi. Wannan shi ne gashin cibi. A nan ne kuma ake shafa wa cibin abubuwa iri-iri, kamar toka ko man shanu, abin da likitoci suka danganta da ciwon sarƙewar haƙora, wato tetanos, da ya daɗe yana kashe jarirai a makonnin farko.

Galibi ungozoma mace ce da ta daina haihuwa, kuma ta koyi aikin wajen uwarta ko kakarta. Ba ta da ƙayyadadden lada. Ana ba ta hatsi da sabulu da ɗan kuɗi, ranar suna kuma tana da kasonta a naman rago. Wane sashe ne nata, wannan ya bambanta daga gari zuwa gari. Tana aiki kafaɗa da kafaɗa da malami, mai ba da rubutun sha idan naƙuda ta tsananta, da wanzami, wanda ke aske jariri ranar suna, a wurare da yawa ya cire masa beli. Yankan gishiri, wato tsaga gaban mace idan haihuwa ta ƙi, yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo yoyon fitsari, kuma an ce ya ragu ƙwarai.

Yarinya mai cikin fari ana mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki tun ciki na wata bakwai ko takwas, ta haihu a can. Saboda haka sau da yawa uwarta ce, ba miji ba, ke fara yanke shawarar a tafi likita ko a dakata.

Jego

Mai jego na wanka da tafasasshen ruwa sau biyu a rana har kwana arba'in, ana tsoma ganyen dogon yaro ko tsamiya ana fyaɗa mata a jiki. Tana shan kunun kanwa da yaji, a wasu gidaje ta kwanta kan gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa. Manufar ita ce korar sanyi, wanda ake ganin shi ne babban abokin gabar mace mai ɗanyen jiki. Tanadin itacen wankan haƙƙin miji ne, kuma a Adar, inda itace ke wuya, ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, daga baya kuma a Yamai, suka lura da yawan ciwon zuciya mai kumbura jiki da ke kama mata bayan haihuwa. Wasu sun ɗora laifin kan zafin wanka da gishirin kanwa, wasu kan hawan jini da ƙarancin wasu sinadarai a abinci. Ba a rufe maganar ba.

Nonon farko, wato dakashi, an daɗe ana matse shi a zubar don ana ganin gurɓatacce ne, a ba jariri ruwa ko nonon akuya kafin nono ya tsarkaka. Ma'aikatan lafiya na koyar da akasin haka: a sa jariri a nono cikin awar farko, kuma nono zalla har wata shida.

Horar da ungozomomi

Nijar na cikin ƙasashen Afirka ta Yamma da suka fara gwada horar da ungozomomin ƙauye. An soma a yankin Maraɗi wajen tsakiyar shekarun 1960, ƙarƙashin shirin wayar da kan mutanen karkara, sannan aka faɗaɗa zuwa Tawa da sauran jahohi. Gari kan zaɓi maza biyu masu ba da agajin farko da ungozomomi biyu, a kai su horo na kwanaki kaɗan, su komo da ɗan akwati mai reza, zare, auduga, maganin shafa wa cibi da na ɗiga wa jariri a ido. A zamanin Seyni Kountché, musamman bayan taron duniya kan kiwon lafiya matakin farko da aka yi a Alma-Ata a 1978, an horar da dubbai da tallafin ƙasashen waje.

Sakamakon bai kai yadda aka zata ba. Kayan akwati na ƙarewa ba a sake cikawa, masu sa ido ba sa zuwa, ga shi babu albashi. Amma babban gurbin ya fi wannan zurfi: an tsara horon kamar ungozoma na zaune tun farkon naƙuda tana lura da alamun haɗari, alhali al'ada ba ta kiran ta sai an gama. Tsabtar cibi ta inganta. Mutuwar mata a sanadin zubar jini, jijjiga da doguwar naƙuda kuwa ba abin da reza da zare za su iya yi mata. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta juya ga ƙwararrun masu karɓar haihuwa, Nijar ta bi, aka mayar da aikin matron ya zama gano mai ciki, tura ta awo, da raka ta cibiyar lafiya idan naƙuda ta tashi. A aikace, a cibiyoyi da yawa matron ce ke kwana a ɗakin haihuwa, ita ke share shi, kuma ba safai ake rasa ranar da ita ce ta tari jariri ba.

Ta fuskar kuɗi ma Tawa ta shiga tarihin. Bayan shirin Bamako na 1987, mai neman jama'a su riƙa biyan wani ɓangare na kuɗin magani, an gwada tsarin a gundumomin Boboye da Say a 1993, Illela kuma ita ce gundumar da aka bari ba biya don kwatanta sakamako, kafin a game ƙasa da tsarin.

Tsarin yanzu

Matakin ƙasa shi ne ƙaramin ɗakin shan magani na ƙauye. An gina kimanin 2,000 a faɗin ƙasa ta shirin musamman na Shugaba Tandja Mamadou daga 2001. Sama da shi akwai cibiyar lafiya da ake kira CSI, inda ake awon ciki da karɓar haihuwa, sai asibitin gunduma, wanda ya kamata ya iya fiɗa. A birnin Tawa, gidan haihuwa na Tassigui ya daɗe yana karɓar matan da aka turo daga karkara, daga baya aka samar da cibiyar lafiyar uwa da yaro. Asibitin Galmi na mishan, wanda aka buɗe a 1950, na karɓar mata daga yankin Majiya har da ƙetaren iyaka. Mataki na ƙarshe shi ne gidan haihuwa na Issaka Gazoby a Yamai.

A 2005 gwamnati ta mayar da fiɗar haihuwa kyauta, a 2006 ta ƙara da awon ciki da maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Zuwa awo ya ƙaru sosai, sai dai jinkirin biyan cibiyoyi kuɗinsu ya sha jawo yankewar magani. A wajen awo ana ba mace karne, wato katin awo, ƙwayoyin ƙarin jini, maganin kariya daga masassarar cizon sauro, gidan sauro da allurar tetanos. A 2016 aka tabbatar Nijar ta kawar da tetanos na uwa da jariri a matsayin annoba. Daga wajen 2014 kuma an bazu da maganin misoprostol da rigar matse jiki don tsayar da zubar jini bayan haihuwa.

Alƙaluma

Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kimanin kashi 30 cikin 100 na haihuwa ne ake yi a cibiyar lafiya, mace na haihuwar yara 7.6 a matsakaici, kuma mata 535 ke rasuwa a duk haihuwa 100,000, daga 648 a 2006. Alƙaluman na ƙasa baki ɗaya ne.

Cikas da taƙaddama

Nisa ne na farko: daga ƙauyukan tsaunukan Keita da Buza akan ɗauko mai naƙuda a amalanke ko babur, da damina kuma korama kan datse hanya. Mazan Adar da yawa suna bida a Abijan, Libiya ko Najeriya, sai a tsaya neman izini da kuɗin mota ta waya. Don sayen man ambilans, wasu gundumomi, ciki har da Keita, sun taɓa karɓar dala ashirin, wato sefa 100, daga kowane marar lafiya. Sajfam kuma sun taru a birane. Ana horar da su shekara uku a makarantun lafiya na Yamai da Damagaram da wasu masu zaman kansu, amma kaɗan ne ke daɗewa a ƙauye.

Matan karkara na kokawa da faɗa da tilasta kwanciya rigingine a ɗakin haihuwa. Ma'aikata na cewa ana kawo masu mata bayan abu ya riga ya lalace. A wasu garuruwa ana cin tarar wadda ta haihu a gida, matakin da wasu ke goyon baya, wasu ke cewa matalauta kawai yake hukuntawa.