Horon jiki don hidima: me kalmar take nufi, kuma ina ruwan mace Kirista da ita?

Wata ranar Lahadi a majami'armu da ke Garwa, an gama addu'ar durƙuso, kowa ya miƙe, sai wata uwa daga cikin iyayen zumunta ta kasa tashi. Ta dafa benci, ta yi yunƙuri sau biyu, gwiwa ta ƙi. Ni da wata 'yar'uwa muka kama ta ta hammata. Da ta zauna sai ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, ruhu yana so, amma ƙafafun nan sun gaji da ni." Shekarunta ba su kai sittin ba. Wannan matar ta goyi 'ya'ya bakwai, ta yi noman gyaɗa da masakwa, ta yi shekaru tana ɗauko ruwa a ka. Babu mai kiranta raguwa. Tun daga ranar nake tunanin kalmar nan da 'yan matanmu ke gani a wayoyinsu, wadda masu Faransanci ke kira entraînement fonctionnel, masu Turanci kuma functional fitness.

Idan za a faɗe ta da Hausa, ni dai abin da ya fi kwanta mini shi ne horon jiki don hidima. Ma'anarta a taƙaice: a horar da jiki ya iya ayyukan da rayuwa ke nema a gare shi kullum, cikin sauƙi, ba tare da rauni ba, kuma har tsufa. Ba a auna nasararsa da sikeli ko da madubi. Ana auna ta da tambayoyi irin su: za ki iya tashi daga tabarma ba dafa ƙasa? Za ki iya ɗaga jarkar ruwa mai lita 20, wadda nauyinta kilo 20 ne, ba tare da baya ya amsa ba? Za ki iya hawa tudu da goyo kina magana ba haki ya tsare ki ba? Na zaɓi kalmar hidima da gangan, domin a bakinmu tana da fuska biyu. Hidimar gida ce, shara da girki da reno, kuma hidimar Ubangiji ce, ziyarar marasa lafiya da waƙa da koyar da yara a makarantar Lahadi. Jiki ɗaya ne ke ɗaukar duka biyun.

Asalin tunanin daga wajen likitocin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi ya fito, masu taimaka wa wanda ya karye ko ya shanye ya koma aikinsa. Sun lura cewa ƙarfafa tsoka ɗaya ita kaɗai bai isa ba. Idan manomi ne, sai a koya wa jikinsa motsin noma. Idan tsohuwa ce, a koya mata tashi daga kujera da taka matakala. Daga baya masu gidajen motsa jiki suka ɗauki dabarar, suka yi mata ado da kayan ƙarfe da kiɗa, har ta zama abin yayi. To amma ainihinta ba ta buƙatar ko sefa ɗaya. Motsin da ake magana a kai mun san su tun muna yara: tsugunawa da tashi, sunkuyawa a ɗauki abu, turawa, jawowa, ɗaukar kaya a yi tafiya da shi, juyawa, da tsayuwa a ƙafa ɗaya ba tangaɗi.

Nan ne mata da yawa ke tare ni. "Yaya, mu da muke daka da surfe da wanki, wane motsa jiki kuma ya rage mana?" Tambayar tana da gaskiya, kuma ban yarda a raina ta ba. Macen da ke tafiya gona da ƙafa ta riga ta wuce ma'aikaciyar ofis nesa ba kusa ba. Sai dai aiki daban, horo daban. Aikin gida yana maimaita motsi iri ɗaya, ta gefe ɗaya, na tsawon sa'o'i, sau da yawa da ciki wayam kuma babu hutu. Ki duba yadda muke shara da gajeriyar tsintsiya, baya a lanƙwashe, gwiwa a miƙe. Ki duba wanki a baho a ƙasa, da yaro a kan ƙugu ɗaya kullum, da daron kaya a ka daga kasuwa. Wasu tsokoki suna aiki fiye da ƙima, wasu kuma sun yi barci. Aiki cin jiki yake yi. Horo kuwa ana yin sa kaɗan, da lura, a huta, a ƙara a hankali, domin jiki ya samu damar ginuwa. Abin da ya sami uwar nan ta majami'armu ke nan a ganina: an yi ta ɗiba daga rumbu shekara da shekaru, ba a zuba ba.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ke ƙaruwa a cikin gari. Tela tana kan keken ɗinki daga safe zuwa yamma. Mai shago tana kan kujera. Tafiyar da iyayenmu ke yi da ƙafa daga Yelwa zuwa babbar kasuwa, yau mashin muke tarewa. Jikin da ba a amfani da shi yana janye ƙarfinsa. Masana sun nuna cewa daga wajen shekara 30 tsoka tana fara raguwa sannu a hankali, raguwar kuma tana ƙara sauri bayan shekara 60. Ga mace akwai ƙari: idan al'ada ta ɗauke, sinadarin jikin da ke kare ƙashi yana raguwa, ƙashi ya yi rauni, faɗuwa ƙarama ta iya karya ƙugu. Abin da ke rage saurin wannan lalacewa shi ne a ɗora wa tsoka da ƙashi nauyi daidai gwargwado a kai a kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce babba yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na motsi matsakaici a mako, wato irin tafiyar da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Ga waɗanda suka kai shekara 65, ta ƙara da horon daidaita tsayuwa da ƙarfi kwana 3 a mako saboda gudun faɗuwa. Minti 150 ɗin, idan aka raba, rabin awa ne a kwana biyar. Akwai wani gwaji mai sauƙi da ma'aikatan lafiya ke yi wa dattawa: a zauna a kujera mai ƙarfi, a harɗe hannu a ƙirji, a ƙirga sau nawa mutum zai tashi ya zauna cikin daƙiƙa 30. Ga mace mai shekara 60 zuwa 64, ƙasa da sau 12 alama ce cewa ƙafafu suna neman taimako. Wannan gwajin shi ne kuma maganin. Ki yi shi sau goma, ki huta, ki sake, kwana biyu ko uku a mako, bayan wata guda ki sake ƙirgawa.

Sauran ma haka suke da sauƙi. Ki dafa bango da tafin hannu biyu ki tura jikinki baya da gaba. Ki raba ruwa a bokiti biyu daidai ki yi tafiya a miƙe, kafaɗa a sake, maimakon bokiti ɗaya da ke karkatar da ke. Lokacin ɗaga jarka, ki matso da ita jikinki, ki lanƙwasa gwiwa ki tura ƙugu baya, ki tashi da ƙarfin cinya, kada ki murɗa baya da kaya a hannu. Yayin da kike jiran tukunya ta tafasa, ki tsaya a ƙafa ɗaya kusa da bango. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura maki 40, a yi shi da sassafe ko bayan rana ta yi sanyi, a sha ruwa sosai.

Akwai wata tsoka da kunya ta hana mu ambata, alhali ita ce ta fi damun matan da suka haihu: tsokar ƙasan mara, wadda ke riƙe mafitsara da mahaifa. Mata nawa ne a zumunta suka daina rawa a gaban kiɗan tulu, ko suke danne dariya da tari, saboda fitsari na ƙwace musu kaɗan? Wani likitan mata a Amurka mai suna Arnold Kegel ya bayyana horonta a 1948. Ki matse kamar mai riƙe fitsari, ki ƙirga biyar, ki saki, sau goma, sau uku a rana, a zaune ko a kwance, babu wanda zai sani. Wannan daban yake da yoyon fitsari da ke biyo bayan doguwar naƙuda, wanda aikin asibiti ne, kuma ana gyara shi. Mai juna biyu, mai hawan jini, mai ciwon suga ko ciwon zuciya, ta fara ganin ma'aikacin lafiya kafin ta ƙara wa kanta wani nauyi.

Abinci ba zan tsawaita a kansa ba, domin tukunyarmu ta asali ba ta da laifi. Tuwon dawa da miyar yakuwa, tafasa, lalo, zogale, wake, gyaɗa, kifin Binuwai da na Lagdo, duk masu gina jiki ne. Inda muka kauce shi ne gishiri da dunƙulen ɗanɗano da suga. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar shi ne ƙasa da giram 5 na gishiri a rana, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, dunƙulen kuwa akasarinsa gishiri ne. Sai al'adar nan ta uwa ta raba wa kowa nama da kifi ta ci ƙanzo da romo. Tsoka ba ta ginuwa da romo.

To ina bangaskiya ta shigo? Na sha jin ana kawo 1 Timoti 4:8 don rufe maganar, cewa ai manzo Bulus ya ce horon jiki amfaninsa kaɗan ne. Bulus yana rubuta wa Timoti ne, wanda ke Afisa, birnin da al'adar Helenawa ta cika shi da wuraren horon jiki, inda samari ke ɗaukar abin kamar shi ne rayuwa. Ya sa ibada a sama, kuma nan ne wurinta. Amma bai ce horon jiki banza ba ne, ya ce yana da amfaninsa. Shi ɗin ne kuma ya gaya wa Korintiyawa, a wasiƙarsa ta fari sura 6, cewa jikinsu haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, su ɗaukaka Allah da shi. A wurin yana gargaɗi ne a kan fasikanci, kada mu karkatar da ayar, sai dai tushen hujjarsa ya shafe mu: jikin ba namu ba ne, amana ce.

Matan Littafi Mai Tsarki ma ba a kwance muke samun su ba. A Farawa 24, Rifkatu ta gangara rijiya, ta cika tulu, ta hau, sannan ta yi ta kai da kawowa da gudu har ta shayar da raƙuma goma, raƙumi mai ƙishi kuwa yana iya shanye lita 100. Alherin zuciyarta ne ya sa ta yi tayin, amma hannu da ƙafa ne suka cika shi. Rut ta yi kala a gonar Bo'aza daga safe har yamma, ta sussuke, ta ɗauka zuwa gari don ta ciyar da surukarta. Mace mai kirki ta Karin Magana 31, aya 17 ta ce tana ɗamara da ƙarfi, tana ƙarfafa hannuwanta. Wanda ya fi taɓa ni shi ne annabi Iliya a 1 Sarakuna 19. Ya gaji har ya roƙi mutuwa. Kafin Ubangiji ya yi masa magana a Horeb, sai da mala'ika ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashe shi ya ci. Sau da yawa 'yar'uwa takan zo tana kuka cewa addu'arta ta bushe, tana barci a kan Littafi, tana yi wa yara tsawa ba dalili, tana zaton ta ja da baya a ruhu. Idan aka bincika, sai a tarar wata uku ba ta yi barcin awa biyar a jere ba, ko jininta ya yi ƙasa.

Akwai abin da nake tsoro a cikin wannan yayi, kuma dole in faɗa. Wasu masu koyarwa a intanet suna haɗa siririn jiki da tsarki, kamar mai ƙiba ko mai ciwo ta gaza a gaban Allah. Wannan koyarwa mugunta ce. Na san mata a kan gadon jinya, da masu tafiya da sanda tun ƙuruciya, waɗanda bangaskiyarsu ta fi tawa nesa. Ceto ta wurin alheri yake, ba a samun sa da tsalle. Horon jiki don hidima ya kamata ya 'yantar da mace daga gasar sura, domin tambayarsa ita ce me jikinki zai iya yi, kuma kowace tana farawa daga inda take. Wadda ba ta iya tsayuwa tana iya ɗaga gorar ruwa a zaune. Haka nan lokacin azumin kwana arba'in kafin Ista, wanda a nan yakan faɗo cikin tsananin zafi, a sassauta horon, mai ciwon suga da mai shayarwa kuma su nemi shawara kafin su ɗauki azumi mai tsanani.

A zumuntarmu yanzu, ranar da muke taruwa koyon waƙa, muna zuwa minti goma sha biyar kafin lokaci. Muna jera bencuna, mu tashi mu zauna tare muna ƙirgawa, mu tura bango, mu zagaya harabar majami'a sau uku muna haddace ayar mako. Da zanenmu da ɗankwalinmu muke yi, babu wadda ta sayi wani kaya. Uwar nan ta fara da tashi huɗu, tana dafa gwiwa. A ƙirgen da muka yi kafin damina ta kai tara, hannu a ƙirji, ta kuma ce mini in daina tsayawa a bayanta lokacin addu'ar durƙuso.