Alamomin kumburi da lalacewar oksijin a jinin kare da kyanwa masu ɗauke da cuta

Alamomin kumburi a jini wasu sinadarai ne, galibinsu furotin, da yawansu ke hawa ko sauka a jinin dabba idan ƙwayar cuta ta shiga jikinta. Likitocin dabbobi na auna su ne don su san ko akwai kumburi a ciki wanda ido ba ya gani, da tsananinsa, da kuma ko maganin da ake bayarwa yana ci. Tare da su ake yawan auna alamomin lalacewar oksijin, wato ɓarnar da ɓurɓushin oksijin masu kaifi ke yi wa ƙwayoyin jiki in sun fi ƙarfin sinadaran da ke kare su.

Furotin da hanta ke fitarwa

Da zarar cuta ta shiga, fararen ƙwayoyin jini sukan saki sinadaran saƙo irin su IL-6 da IL-1 da TNF, saƙon ya kai hanta, ita kuma ta canja aikinta, ta ƙara sarrafa wasu furotin ta rage wasu. Wanda aka fi sani shi ne CRP, William Tillett da Thomas Francis ne suka gano shi a 1930 a Amurka, a jinin mutane masu ciwon nimoniya. A kare shi ne babban ma'auni. Kare mai lafiya yawanci CRP ɗinsa bai kai miligiram 10 a lita ba, amma in cuta ta kama shi cikin awa 4 zuwa 6 ya fara hawa, ya kai ƙololuwa a awa 24 zuwa 48, wani lokaci ya ninka har sau ɗari. Kuma yadda yake saurin hawa haka yake saurin sauka in magani ya dace, nan ne amfaninsa yake.

Kyanwa kuma nata daban. CRP ɗinta ba ya wani motsi sosai ko da tana jin jiki, shi ya sa a kanta wasu furotin biyu na hanta ake aunawa, SAA da AGP. Duk wanda ya ɗauki gwajin kare ya ɗora wa mage zai iya ganin sakamako lafiya lau alhali dabbar na cikin wani hali, haka kayan gwajin CRP na mutane ma ba kowanne ne ke aiki a jinin kare ba sai wanda aka tantance. Akwai kuma haftogulobin mai hawa a hankali, sai albumin da taransifarin waɗanda su sauka suke yi in akwai kumburi.

Lalacewar oksijin

Bajamushen masani Helmut Sies ne ya yaɗa wannan batu a 1985. Fararen ƙwayoyin jini da kansu suke ƙera ɓurɓushin oksijin ɗin don su kashe ƙwayar cuta, to matsalar ita ce ba ya zaɓe, abin da ya yi yawa sai ya koma kan maiƙon da ke lulluɓe ƙwayoyin dabbar yana cin sa kamar yadda tsatsa ke cin kwanon rufi. Abin da wannan ci ke bari a jini shi ne MDA, shi aka fi aunawa. Ta ɗaya ɓangaren kuma ana duba masu kariya, wato enzayim irin su SOD da katalas da GPx da PON1, da sinadarin gulutatayon. A dabba mai cuta yawanci MDA hawa yake yi, PON1 da gulutatayon su sauka, amma SOD da katalas ba su da alƙibla ɗaya, wani bincike ya same su sun hau wani ya same su sun faɗi, ya danganta da lokacin da aka ɗebi jinin.

A nan ma kyanwa ta fi kare rauni. Himogulobin ɗinta, wato furotin mai ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, na da gurabe 8 masu saurin kamuwa da wannan ɓarna, na kare 4, na mutum 2, sannan saifarta ba ta iya tace jajayen ƙwayoyin da suka lalace da kyau, shi ya sa ake yawan ganin ɗigon nan da ake kira da sunan Heinz manne a ƙwayoyin jininta. Albasa da tafarnuwa a sauran abinci na jawo irin wannan ɓarna a kare da kyanwa duka, farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya na iya kashe mage. Don haka kafin a ɗora wa cuta laifi sai an tambayi mai dabba me ya ba ta, domin mutane da yawa sai sun gama gwada maganin gida suke zuwa asibiti.

Cututtukan da aka fi nazari a kansu

A karnuka, cututtukan kaska ne a gaba. Ƙwayar cutar Babesia tana shiga cikin jajayen ƙwayoyin jini ta fasa su, kare ya yi zazzaɓi, dasashinsa ya yi fari, fitsari ya koma ja ko ruwan shayi, kuma ɓarnar oksijin na ƙara fasa har ƙwayoyin da cutar ba ta shiga ba, wannan na daga dalilan da ƙarancin jinin kan zarce yawan ƙwayar cutar da aka gani a madubin gwaji. Nau'in Babesia rossi mai tsanani an fi yin nazarinsa a Afirka ta Kudu, an kuma same shi a karnukan Najeriya. Sai Ehrlichia canis wadda kaskar kare mai ruwan ƙasa ke yaɗawa, da cutar fabo mai sa 'yan kwikwiyo amai da zawon jini wadda ta ɓulla a 1978, da Leishmania da ta addabi karnukan Sifaniya da Italiya, da tarin mugunya a mahaifar karya. Dukkansu suna ɗaga CRP.

A kyanwa kuma FIP ce aka fi dogara da waɗannan gwaje-gwaje a kanta, cuta ce da wata ƙwayar korona ta kuliyoyi ke jawowa, takan tara ruwa a ciki ko ƙirji. AGP da ya haura giram 1.5 a lita yana ƙara zargi, haka in a lissafi aka raba adadin albumin da na gulobulin, wani rukunin furotin na jini, aka samu ƙasa da 0.4, in kuwa sakamakon ya haura 0.8 da wuya ita ce. Tun da maganin GS-441524 ya nuna yana warkar da ita a 2019, ana bin saukar AGP da SAA a ga ko maganin na aiki.

Iyakarsu

Babu ɗaya cikin alamomin nan da ke faɗin sunan cutar. Tiyata, rauni, kansa, har ciki a karya duk suna ɗaga CRP, maganin sitiroyid kuma yana ɗaga haftogulobin a kare ba tare da wani kumburi ba. Gwaji sau ɗaya ba ya faɗin abu da yawa, a sake bayan kwana biyu ko uku a kwatanta shi ya fi. Ma'aunan oksijin kuwa gaskiya har yanzu sun fi zama na masu bincike, babu adadi ɗaya da kowa ya yarda da shi, kuma jinin da ya fashe a kwalba ko ya jima a zafi yakan ba da sakamakon ƙarya, dole a raba ruwan jinin da wuri a daskarar da shi, abin da ke da wuya a inda wutar lantarki ba ta tsayawa. Shi ya sa a yawancin asibitocin dabbobi na ƙasashenmu ana farawa ne da shafa jini a gilashi a duba ƙwayar cutar, da auna kaurin jini, da ƙirga fararen ƙwayoyi.